Ya Je Birnin Shehu, Gala Kawai Ya Gano

Na je gida Kajiji a wannan makon, na tarar ɗan ƙanwata ya dawo daga Sakkwato bayan kwana huɗu. Shekararsa 19, wannan ne zuwansa birni na farko shi kaɗai, kuma wurin abokansa 'yan ci-rani ya sauka. Da ya zo gaishe ni bayan magariba na ce masa, "To ɗana, mi kag gano a birnin Shehu?" Sai ya zaro waya yana murmushi ya miƙo mini. Wani gida ne mai rufin kwano a bayan gari, fitilu ja da kore suna juyawa, hayaƙin shisha ya turnuƙe wurin. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba tana rawa a kan dakali, samari na rububin yi mata liƙi. Dare uku a jere can suka kai shi, gidan gala.

Na ce, Hubbare fa? Ya ce, "Kawu, ba mu tai ba. Sun ce wurin tsofaffi ne."

Maganar nan ta hana ni barci. Motar da ta ɗauke shi daga Kajiji ta ratsa Shagari, garin mutumin da ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. Ta bi ta ƙasar Boɗinga, inda Malam Abdullahi na Gwandu ya taɓa zama, inda kuma Sifawa take, garin da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. A birnin akwai Hubbaren da aka rufe shi a 1817, akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu da tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, akwai Giginya inda aka gwabza da Turawa a 1903, akwai dukawa masu aikin fatar jar akuya. Na sha faɗa cewa yaron da ba a koya wa tarihin garinsu ba kowa ma zai iya jansa. Abokan da suka yi masa jagora su ma ba wanda ya taɓa kama hannunsu ya kai su ko ɗaya daga wuraren nan.

Amma ba zan ɗora wa yaron laifin son kallon rawa ba, don mu ma mun kalla. Muna yara, da an gama girbin gero aka shiga kaka, dandali ke cika. Daren farin wata 'yan mata su yi da'ira suna gaɗa, ɗaya ta faɗo da baya sauran su tare ta su cilla sama, tafi na tashi har bayan gari. Mai kalangu na gefe da ɗan kurkutunsa, in ya kaɗa taken wata sai ta fito ta taka, ta koma cikin ƙawayenta tana rufe fuska. Masu tallan ƙosai da gyaɗa sun jera fitilun aci-balbal. Uwar yarinya na jin muryar ɗiyarta daga cikin gida, yayanta na tsaye cikin samari, duk wanda ya yi mata maganar banza kafin gari ya waye ubansa ya ji. Dare na yin nisa wata tsohuwa za ta fito ta kore mu, kowa ya watse. Da rana kuma kokawa da dambe, a zo daga ƙauyuka a kafa kiɗa, irin fagen da ya fito da su Ɗan Anace da Shago.

Na san za a ce Shehu da kansa ya yi hani ga cakuɗuwar maza da mata a wurin kiɗa, kuma gaskiya ne. Na san kuma a wurare da yawa tsoron ɓarayin daji ya sa taron dare ya gagara. To amma fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, tana da Sarkin Taushi Salihu Jankiɗi, kuma ba wanda ya ce addini ya rushe.

Abin da muka yi shi ne muka kashe dandali ba mu gyara shi ba. Muka kori mai kalangu muka kira shi ɗan iska, ba mu sa komai a gurbinsa ba. Rawar ba ta mutu ba, ta tashi daga gaban iyaye ta koma bayan gari, ɗaki a rufe, da kuɗin ƙofa, da ƙwaya, da wani ƙato da ke karɓe rabin liƙin yarinya. Kuma mu daina munafunci. Wasu daga cikin masu ɗaga murya a kan kalangun talaka su ne ke kwana a gidajen rawa na Abuja da Dubai, su dawo su yi biki da mai sa kiɗa da manyan sifiku har asuba, unguwa duka ba barci. Nasu sunansa wayewa, na ɗan ƙauye sunansa baɗala. In Hisba ta kai samame, 'yar talakan da ke kan dakali ake nuna wa duniya fuskarta, mai gidan da ya ajiye ta kuwa ba ka jin ko sunansa.

Kafin in baro Kajiji na leƙa wurin wani tsohon makaɗi da ya yi wa yayyenmu kiɗa. Kalangunsa na rataye a zaure, fatar ta tsage, tsarkiyoyin sun bushe, ya ce cikin jikokinsa babu mai son taɓa shi. Ɗan ƙanwata na tare da ni, ya tsaya yana kallonsa, ya tambayi tsohon yadda ake matsa shi a hammata. Na gaya wa uwarsa ta shirya shi ranar Juma'a. Zan kai shi Sakkwato da kaina, kuma a Sifawa za mu fara sauka.