ARZIKIN ƘARƘASHIN ƘASA: AMANA CE A WUYANMU

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW). Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, Allah Ya ambaci ƙarfe a cikin Alƙur'ani, har aka kira sura ta 57 da sunansa, Suratul Hadid. Kakanninmu a ƙasar Gobir sun haƙo tama, suka narke ta da gawayi, maƙera suka ƙera fartanya da galma. Saboda haka neman ma'adinai halal ne. Abin tambaya shi ne yadda ake nemansa.

A shekarar 2010, a ƙauyukan Bagega da Dareta da 'Yargalma na jihar Zamfara, yara kimanin 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Dutsen da ke ɗauke da zinari a can yana haɗe da dalma, aka riƙa niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da jinin yara. A watan Nuwamba 2021 kuma rami ya rufta a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, mutum 18 aƙalla suka riga mu gidan gaskiya. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Mutanen Isa da Sabon Birni, maƙwabtan Shinkafi, sun ɗanɗani ɗacin wannan fitina.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. A mazhabar Imam Malik, hukuncin ma'adinai yana hannun shugaba, ya ba da izini bisa maslahar al'umma. Zinarin da ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85, ana fitar masa da ɗaya bisa arba'in ranar da aka tace shi, ba a jiran shekara.

Wani zai ce talauci ne ya tura matasa rami. Gaskiya ne, don haka ba ma kiran a rufe musu ƙofar abinci. Amma talauci bai halatta wa mutum ya niƙa guba inda 'ya'yansa ke rarrafe ba, ko ya ƙona zaiba kusa da madafa. Bai halatta yanka wa aljanu dabba a bakin rami don neman sa'a ba, wannan shirka ce tsantsa. Mai sayen zinari daga hannun ɗan bindiga kuwa, ya sani da kuɗinsa ake sayen harsashin da ke kashe manomi.

Muna kira ga hukuma ta keɓe wuraren niƙa nesa da gari. Malamanmu kuma su karantar da babin zakkar ma'adinai a majalisu da huɗubobi, domin kowa za a tambaye shi inda ya samo dukiyarsa.

Allah Ya azurta mu da halal, amin.