Kafin a yanke albashin soja kan kayan da suka salwanta

Duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu ya karɓi motar ofis ko kwamfuta ya san nauyin da ya ɗauka: idan kayan suka salwanta saboda sakacinsa, Dokokin Kuɗi na Gwamnatin Tarayya sun yarda a cire kuɗin daga albashinsa. Soja ma bai tsira ba. Dokar Rundunonin Soja ta ɗauki zubar da kayan aiki ko lalata su ta hanyar sakaci a matsayin laifi, kuma cikin hukuncin da ta tanada akwai yanke albashi domin biyan asarar.

Wannan jarida ba ta ja da hakan. Bindigar da ta ɓace daga ma'ajiya ba tsatsa take yi a daji ba, hannun wani take faɗawa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna an kasa gano inda makamai 178,459 na 'yan sanda suka shiga, daga ciki har da AK-47 guda 88,078. Na 'yan sanda ne, ba na soja ba, amma ya isa a gane inda sakaci da makami ke kai ƙasa.

Damuwarmu ita ce yadda ake raba sakaci da asarar fagen fama. A watan Janairun 2015 Boko Haram ta ƙwace sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke Baga. A watan Oktoban shekarar kotun soja ta kori kwamandan sansanin, Birgediya Janar Enitan Ransome-Kuti, daga aiki, ta kuma yanke masa ɗaurin wata shida saboda kayan yaƙin da aka rasa. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa rage masa muƙami ya koma Kanar. A cikin wannan shekara ta 2015 ce aka bankaɗo zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Wato yayin da ake tuhumar na bakin daga da rasa kaya, kuɗin da ya kamata su saya masa abin kare kayan su ma ana cigiyarsu. Janar ya samu lauyoyi, jaridu kuma sun bi shari'arsa. Kurtun da za a zaftare wa albashi kan rediyon da ya faɗa ruwa a Tafkin Chadi, wa zai ji labarinsa?

A rundunar sojan ƙasa ta Amurka, sai an naɗa jami'i ya bincika, ya tabbatar akwai sakaci kuma sakacin ne ya jawo asarar, kafin a ɗora wa soja biya. Ana ba shi damar kare kansa, kuma a galibin lokuta abin da zai biya ba ya wuce albashinsa na wata ɗaya. Dalilin a fili yake: babu sajan ɗin da zai iya biyan kuɗin motar sulke, ko da zai yi aiki har tsufa.

Muna kira ga Ma'aikatar Tsaro da kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su fitar da ƙa'ida a rubuce, wadda ƙaramin soja zai iya karantawa, ta faɗi iyakar abin da za a cire masa a wata da kuma inda zai kai kuka. Kada a taɓa albashin kowa sai an nuna takardar da ya sa wa hannu da rahoton binciken da ya same shi da sakaci. Inda kuma aka tarar babu rajistar kaya, ko an shekara ba a ƙidaya abin da ke ma'ajiya ba, hafsan da ke da alhakin ma'ajiyar ne ya kamata a fara cirewa daga albashinsa.