Salkar Zamani: Wace Jakar Ruwa Ta Dace da Mai Hawa Dutse da Keke?

 A wannan wata za mu ɗan jingine zancen makaranta da jarrabawa, mu taɓa wata magana da iyaye ke yawan kawo mana. Wasu samarinmu na nan Avédji da sauran unguwanni sun ɗauki hawan keke da gaske, irin keken nan mai manyan tayoyi da giya barkatai wanda aka ƙera domin duwatsu. Ran Lahadi da asuba sai ka ga sun bi ta Adidogomé sun miƙi hanyar Kpalimé, wasu kuma su ɗora kekunan a mota sai can gindin dutse su fara tuƙi. To, yanzu kowanne ya matsa wa mahaifinsa sai an saya masa jakar nan ta goyo mai ruwa a ciki, wadda tiyo ke fitowa daga cikinta ya biyo kafaɗa har bakin mutum. Tambayar iyaye ita ce: abin nan yana da amfani, ko kuwa ƙwalisa ce kawai? In yana da shi, wace iri za a saya?

Amfani kam akwai. Daga Lomé zuwa Kpalimé kimanin kilomita 120 ne, kuma muddin kana kan kwalta ba ka rasa ruwa, don a Noépé, da Kévé, da Assahoun, ko'ina akwai masu ruwan leda a bakin hanya. Wahalar tana farawa ne in aka bar babban titi aka kama hawan Agou, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Togo, mita 986, ko kuwa aka bi hanyar Kloto mai kwana-kwana, aka shiga ƙananan hanyoyin gonakin koko da kofi. A irin wannan wuri hannu biyu duk na kan keke ne, ɗaya bai isa ya saki ya laluɓo kwalba ba, musamman a gangare. Yaro kuwa ba ya son ya tsaya abokansa su wuce shi, sai ya yi ta haƙuri da ƙishirwa har ta kayar da shi. Jakar goyo ta magance wannan: tiyo na kusa da baki, a kurɓa ana tafiya.

Wanda ya ƙago abin wani ma'aikacin agajin gaggawa ne a Amurka, Michael Eidson. A ƙarshen shekarun 1980 ya shiga tseren keke na mil 100 a garin Wichita Falls na jihar Texas, cikin tsananin zafi, sai ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti da ruwan sha, ya zura ta cikin safa, ya maƙala a bayan rigarsa, ya riƙa zuƙa ta tiyon. Daga nan kamfanin CamelBak ya samo asali a 1989. Mu dai da muka ji labarin dariya muka yi, domin kakanninmu fataken goro da suka riƙa ratsa ƙasar nan ta Mango zuwa Salaga da Gwanja ai da salka suke tafe. Har ma salka ta fi ta wani fanni, don fata tana tsattsafo, iska na busawa, ruwan ciki na yin sanyi. Roba ba ta san wannan ba. Yadda bayanka ya ɗau zafi haka ruwanka zai ɗauka.

Sai batun girma, wanda a nan ne yawancin masu saye ke yin kuskure. Saurayi in ya je kasuwa, idonsa na kan babbar jaka mai aljihu goma da igiyoyi ko ta ina, irin ta sojoji. Bari mu yi lissafi irin na aji. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jaka mai lita 3, in aka haɗa da nauyin kanta da kayan gyara da ɗan guzuri, ta tasam ma kilo 5. Wannan nauyi a ƙafar mutum yake komawa duk taku ɗaya na feda a kan hawa, kuma a gangare yana rinjayar mai keke gaba in ya taka birki. Ga shi kuma babbar jaka tana rufe baya gaba ɗaya, inda gumi ya kamata ya sha iska ya bushe ya sanyaya jiki. Wato ka ɗauki ruwa da yawa domin maganin zafi, jakar kuma ta ƙara maka zafin.

A ɗaya gefen kuma, mai tuƙi a rana irin tamu yana iya zubar da gumin rabin lita zuwa lita guda cikin awa ɗaya, wani ma fiye. Masana motsa jiki sun daɗe da nuna cewa in mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, ƙarfinsa da natsuwarsa suna fara raguwa. Yaro mai kilo 60, kashi 2 cikin 100 nasa lita 1.2 ne kacal. Ke nan awa biyu ba tare da sha ba sun isa. Saboda haka abin da za a auna shi ne awa nawa ke tsakanin wurin ɗiban ruwa da na gaba, ba tsawon tafiyar duka ba. A ƙasar Agou da Kloto ƙauyuka ba su da nisa da juna ƙwarai, ba Tenere ba ce. A ganinmu jaka mai lita 1.5 zuwa 2 ta wadatar, a haɗa da kwalba ɗaya a jikin keke. Mai lita 3 a bar wa wanda zai wuni a daji.

Bayan ruwa, jakar ta samu wurin robar cikin taya guda ɗaya, da ƙaramin famfon iska, da gam da faci, da ɗan sifana, da waya, da ƙullin dabino ko ƙuli-ƙuli. Shi ke nan. Duk aljihun da ya ƙaru a kan wannan, yaro sai ya nemo abin da zai cusa a ciki.

In an je saye, a tafi da mai jakar, kada a yi masa aike. Ya goya ta da ruwa a ciki, ya ɗaure igiyar ƙirji, ya yi tsalle, ya sunkuya kamar yana kan keke. In tana rawa ko tana dukan ƙeya, ba tasa ba ce. Wadda ba ta da igiyar ƙirji a bar ta ko da kyauta ce. A duba bayanta ko akwai raga ko soso mai ramuka da iska za ta ratsa. A duba bakin ledar ruwan kuma: ya zama mai faɗi wanda hannu zai shiga, dalili na nan tafe.

Mun san inda akasarinmu za su nufa, wato wajen 'yan gwanjo na kasuwar Hédzranawoé, kuma babu laifi a cikin haka. Jakar gwanjo mai kyau sau da yawa ta fi sabuwa ta jabu ƙarko. Amma a nan muke so iyaye su buɗe kunne. Jakar daban, ledar ruwan da ke cikinta daban. Jaka a wanke a shanya, ta koma sabuwa. Leda da tiyo da kan tsotso kuwa wani ne ya yi ta sa musu baki, sannan suka yi watanni a ƙulle cikin dila da danshi a ciki. A ɗaga tiyon a rana a duba. In an ga baƙin ɗigo-ɗigo ko wani yauƙi, fumfuna ce, kuma wanki ba ya cika fitar da ita daga cikin siririn tiyo. A sayi jakar, a yar da ledar, a nemi sabuwa. In za a gwada sabuwar, a cika ta, a rufe, a danna da tafin hannu, a lura da mahaɗar tiyo, don nan ne yoyo ke farawa.

Ko sabuwar ma, damshin Lomé ba ya raga mata. In aka dawo aka jefa ta ƙarƙashin gado da sauran ruwa, kafin mako ya zagayo ta yi wari. A zubar da ragowar ruwa ran da aka dawo, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a ɗauraye sosai, a sa wani abu mai tsabta a ciki ya buɗe ta, a rataye ta baki ƙasa har ta bushe. Amfanin faffaɗan baki ke nan. Kada kuma a zuba mata zoɓo ko lemo ko wani abu mai sukari. Ruwa zalla, kuma ruwan da aka amince da shi, ba na rafi ba, komai haskensa a gindin dutse.

To ina batun gishirin da gumi ke fitarwa? Wannan aikin kwalbar jikin keke ne, ita da wankinta ba wuya. A haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake koya wa mata a asibiti: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya wuni yana gumi yana ɗura ruwa zalla babu gishiri babu abinci, shi ma yana iya jigata.

A ja kunnen yara game da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Iskar a bushe take, gumi na bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kamar kowane minti 15 ko 20. In fitsari ya yi ja, kai ya fara sara, ko jijiyar ƙafa ta riƙe, a sauka a nemi inuwa. Wanda kuwa ya fara sambatu ko tangaɗi, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a tare mota zuwa asibitin Kpalimé, keken ya biyo baya.

Wata 'yar dabara ga masu ƙorafin cewa kurɓin farko kamar ruwan shayi yake: ruwan da ya kwana cikin tiyo ne rana ta dafa. In an gama sha, a hura tiyon ruwan ya koma cikin leda. Iyaye kuma, in kuɗin bai isa jaka da hular kwano gaba ɗaya ba, a fara da hular, yaro ya ci gaba da kwalba biyu a jikin keke zuwa wani watan.