Da Wane Mudu Ake Auna Tasirin Masanin Kimiyya?

A jami'o'in Najeriya da ofisoshin da ke kula da su a Abuja, an saba auna darajar mai bincike da yawan maƙalun da ya wallafa da adadin waɗanda suka ambace shi. Wannan mudu yana da amfani, amma bai isa ba. Tarihin binciken garkuwar jiki a ƙasar nan ya isa shaida.

A 1968, wani matashin likita ɗan Ingila da ya yi aiki a Ibadan, Brian Greenwood, ya wallafa gajeriyar maƙala a mujallar Lancet. Ya lura cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juyawa ta far wa mai ita ba su cika bayyana a tsakanin 'yan Najeriya ba, ya kuma yi hasashen cewa yawan kamuwa da cututtuka irin su maleriya ne ke sauya halin garkuwar. A 1970 ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, ya shafe shekara goma a Zariya yana nazarin sanƙarau da maleriya. A can ne shi da abokan aikinsa suka nuna cewa zazzaɓin maleriya yana rage ƙarfin rigakafin sanƙarau a jikin yaro. Binciken ya yi tasiri ne domin daga gadon marasa lafiya tambayar ta fito.

Cutar da likitoci ke kira MS tana cikin rukunin da Greenwood ya yi magana a kai. Garkuwar jiki ce ke cinye rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar a ɓare robar wayar lantarki. Daga nan sai dishi-dishin gani, sagewar gaɓoɓi da tangaɗi wajen tafiya. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke fama da ita. A 2022, masu bincike na Jami'ar Harvard da suka bi bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 sun gano cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ninka haɗarin MS sau 32. Kusan kowane yaro a Afirka yana haɗuwa da wannan ƙwaya tun yana ƙarami, amma har yau ana cewa MS ba ta da yawa a nan.

Shin ƙarancin na gaskiya ne, ko kuwa rashin ganowa ne? Tabbatar da cutar na buƙatar likitan jijiyoyi da hoton na'urar MRI. Matashiyar da ƙafarta ta sage a Ngojin, cikin ƙaramar hukumar Potiskum, za ta fi saurin jin an ce iska ce ko sammu kafin a ce a kai ta hoton ƙwaƙwalwa. Wanda ba a duba ba, ba zai shiga lissafi ba. In kuwa ƙarancin na gaskiya ne, to akwai sirrin da duniya ke nema a jinin mutanen nan, kuma 'ya'yan ƙasa ne suka fi cancantar tono shi.

Jihar Yobe ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Sussex. Cibiyar tana horar da matasa, tana kuma bin diddigin ciwon ƙodar da ya addabi yankin Gashuwa.

Za a iya cewa ƙasar da maleriya ke kashe wa yara ba ta da rarar kuɗin kashewa kan cutar da ba ta yaɗu ba. Amma ɗakin gwajin da zai nazarci MS shi ne dai zai nazarci sanƙarau da ingancin rigakafi. Jifa ɗaya ne, tsuntsu biyu.

A nan ne aiki ya faɗo kan teburin ma'aikacin tarayya. Asusun bincike na TETFund ya kamata ya riƙa tambayar mai neman tallafi ɗalibai nawa ya horar, da kuma wane asibiti ne ya sauya yadda yake aiki saboda bincikensa. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuma ta buɗe rajistar cututtukan jijiyoyi a asibitocin koyarwa, sannan a saki kuɗin da aka ware kafin shekara ta ƙare.