Kwalbar "haihuwa ba fiɗa" da amanar da ke wuyanmu



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raine mu cikin cikkunan uwayenmu tun ba mu san kanmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, makon da ya shige na sallaci gawar wata yarinya, haihuwar fari. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi unguwarsu ba. Naƙuda ta kama ta daren Talata, ba a fita da ita zuwa gidan likita ba sai bayan azahar ta Alhamis. A tsakanin nan an ɗura mata kwalba biyu na wani jiƙo da mijinta ya saya jika biyar a hannun wani mai tallar "maganin Musulunci", wanda ya rantse masa cewa macen da ta sha shi ba a yi mata fiɗa. Ko da aka isa, mahaifa ta riga ta yage. Uwa da ɗa, rami guda. A wurin zaman makoki kowa na cewa kwana ya ƙare. Haka ne, ya ƙare, babu mai shakkar ƙaddara a cikinmu. Amma wanda aka soka da wuƙa ma ajalinsa ne ya zo, kuma wannan bai taɓa hana alƙali tsare mai wuƙar ba.

Wani dattijo ya tuna mana hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa macen da ta rasu a kan haihuwa tana cikin shahidai. Muna fatan haka gare ta. Sai dai Sayyidina Umar shi ma shahidi ne, kuma ba wanda ya ce a gode wa Abu Lu'ulu'a. Darajar mamaciya tata ce, ba ta zama wanka ga wanda ya yi sakaci.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ba na yaƙi da itatuwa da ganyaye, Allah ne Ya halicce su, kuma da yawa cikin ƙwayoyin farmasi daga jikinsu aka ciro su. Ba na kuma cewa mai ciki ta daure wa wahala ba tare da an nema mata sauƙi ba. Alƙur'ani da kansa, a Suratu Luƙman aya ta 14 da Suratul Ahƙaf aya ta 15, ya shaida nauyin ciki da zafin haihuwa. Ku koma ga Suratu Maryam, daga aya ta 23 zuwa ta 26, ku ga abin da aka yi wa Nana Maryam lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino har ta yi burin mutuwa. Ba a tsawata mata ba, ba a ce ta ji kunya ta yi shiru ba. An kwantar mata da hankali da magana, an nuna mata ruwa mai gudana kusa da ita, an umurce ta ta girgiza kututturen dabino ta ci ɗanyen da zai zubo, ta sha, ranta ya yi sanyi. Magana mai daɗi, ruwa, abinci mai sauƙi, da motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2018 game da kula da mai naƙuda, ta ƙarfafa kusan waɗannan abubuwa: a bar mata wadda ta amince da ita ta zauna kusa, a murza mata baya, a ɗora mata tsumma mai ɗumi a kwankwaso, ta yi ƴar tafiya in tana iyawa, ta sha ruwa ta ɗan ci abinci in ba a ga wata matsala ba. A shawarwarin 2016 na awon ciki kuwa sun ambaci citta don tashin zuciyar farkon ciki. Duk waɗannan halal ne, kuma babu kwalbar jika biyar a cikinsu. Ku saya mata dabino, ku cika mata kwano da zogale da wake da hanta, ku ɗauke mata daka da ɗiban ruwa da itace a watannin ƙarshe. Wanda ke son matarsa ta haihu da sauƙi, nan ne farkon magani.

Abin da nake yaƙi da shi shi ne a ɗauki abin da ba a san ƙarfinsa ba, ba a san adadinsa ba, a liƙa masa sunan Musulunci, a sayar wa mutumin da tsoro ya kama. Mai kwalba zai karanto maka hadisin habbatus sauda, hadisi ne ingantacce, yana cikin Bukhari da Muslim. To ka tambaye shi: me ke cikin wannan kwalbar bayan habbatus sauda? Cokali nawa ke ishe macen da ke da hawan jini? Idan ɗa ya kwanta a gicciye, jiƙon nan juya shi yake yi? Zai ce maka sirri ne. Ku sani, akwai sassaƙe da saiwoyi da ke matsa mahaifa da ƙarfi. Idan hanya a buɗe take, sai a haihu, a yaba wa maganin. Idan kuwa ƙugun yarinya bai kai ba, ko kan ɗa ya fi hanya girma, ko kwanciyarsa ba daidai ba, to ana tura ɗa ne zuwa ga ƙofar da ke rufe, kuma abin da zai buɗe shi ne jikin mahaifar. Haka allurar naƙuda da wasu ke yi a gida, da danna ciki da hannu ko da gwiwa. A gidan likita ma da awo ake ba da wannan allura, ana sauraren bugun zuciyar ɗa.

Shari'a ba ta yi shiru kan irin waɗannan mutane ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni kan duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba. Ibn Rushd, malaminmu na Malikiyya, ya faɗa a Bidayatul Mujtahid cewa babu saɓani kan lamunin irin wannan, domin mai ƙetare iyaka ne. Rawani ba ya ɗauke wannan hukunci, gemu ba ya ɗauke shi, lasifikar da aka ɗaura a kan mota ranar kasuwa ma haka.

Game da rubutun sha, an tambaye ni sau da yawa. Ibnul Ƙayyim ya kawo a Zadul Ma'ad cewa Imam Ahmad yana rubuta wa macen da haihuwa ta yi wa wuya, wasu malamai kuma sun ƙi hakan. Ba zan buɗe wannan gardama a nan ba. Abin da zan ce shi ne: rubutu ana shan sa a cikin amalanke, addu'a ana yin ta a bayan kabu-kabu. Malamin da ya ce a dakata da tafiya sai an ga aikin allonsa ya ɗauki abin da ba zai iya saukewa ba ranar Alƙiyama. Haka wanda aka kira wa mai ciki tana jijjiga, idanu sun juye, ya ce iska ce, ya kunna turare ya rufe ɗaki. Wannan jijjigar, galibi hawan jinin ciki ne ya kai matuƙa. Tana da allura sananniya a gidan likita, kuma sau da yawa tana aiko da saƙo kafin ta zo: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa. Ka yi ruƙiyyarka, amma a cikin mota.

Yanzu ga iyayenmu mata da kakanni, ina magana da ladabi, domin a hannunku muka tashi. Wankan jego ba ya cikin addini. Wankan da shari'a ta wajabta shi ne na ɗaukewar jinin biƙi, kuma Ibn Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa in jinin ya tsaya, ko da kusa da haihuwa ne, sai ta yi wanka ta yi salla, in ya zarce ta jira har kwana sittin. Babu tafasasshen ruwa a ciki, babu fyaɗa ganye safe da yamma kwana arba'in, babu kwanciya a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Ruwa mai ɗumi yana sassauta gajiya, ba wanda ya hana. Amma ruwan da ke saɓule fata, tare da kunun kanwa mai kauri kullum, wani abu ne daban. Kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana tada hawan jini. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan matan Hausawa da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, suka kuma danganta shi da wannan al'ada. Ba ita kaɗai ce sanadi ba, amma wanda zuciyarsa ta yi wata tara tana aikin mutum biyu ba a ƙara masa kaya. Za ku ce: mu haka aka yi mana, ga mu raye. Allah Ya ƙara muku lafiya. Waɗanda abin ya kashe ba su nan balle su ba da tasu shaidar.

Ku tuna da hadisin Jabir a cikin Abu Dawuda. Wani sahabi ya ji rauni a kai cikin tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokansa ko yana da sauƙin taimama, suka ce babu. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW) bai ce kwana ya ƙare kawai ba. Ya ce su suka kashe shi, ya kuma zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Wankan janaba ke nan, na farilla. Ina ga wankan da Allah bai saukar da wani dalili a kansa ba?

Yankan gishiri kuwa ba na ma son tsawaita magana a kansa. A sa reza a jikin mace mai naƙuda da sunan buɗe hanya, ɓarna ce, kuma dokar ƙasarmu ta 2003 tana hukunta masu yanka al'aurar mata. Wanda ke son ya ga ƙarshen reza da doguwar naƙuda, ya tafi Danja kusa da Maraɗi, inda ake yi wa mata ɗinkin yoyon fitsari, ya tambayi nawa ne cikinsu mazajensu suka tsaya tare da su. Haka dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar wai yana da dauɗa: shi ne garkuwar farko ta jinjiri, a sa shi a nono tun cikin awar farko. Cibiya kuma kada a shafa mata toka ko kashin dabba.

Na san abin da wasunku za su rubuto mini. Za su ce: Malam, ka taɓa kai mace gidan haihuwa da dare? Ana yi mata tsawa, ana rubuta maka takardar magani duk da an ce kyauta ne. Na kai, kuma na ga wani abu daga ciki. Tun 2005 da 2006 hukuma ta sa fiɗar haihuwa da awon ciki cikin abubuwan da ba a biya, amma ba kullum ake samun komai a wurin ba. Ma'aikaciyar da ta wulaƙanta mai naƙuda ta ji tsoron Allah, domin tsawarta na iya sa mata goma su ƙi zuwa, kuma tana da kaso a abin da zai same su. Sai dai ɗacin bakin ungozoma ana warkewa daga gare shi. Jinin da ya ɓalle bayan haihuwa yana iya ɗauke mace cikin awa biyu, kuma babu leda ta jini a ɗakin surukarka.

Wasu kuma za su ce wannan ilimin Turawa ne. Imam Malik da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana kusantar mace mai shayarwa, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da ɗiyansu ba, ya fasa. Ya karɓi abin da aka jarraba a wurin mutanen da ba Musulmi ba. Mu ne za mu fi shi kishin addini?

Magana ta ƙarshe ga magidanta, domin mafi yawan laifin namu ne. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 ta wajabta ciyar da mai ciki ko da an sake ta, balle wadda ke ɗakinka. Kuɗin zuwa awo na cikin ciyarwa, haka sange don cizon sauro, haka tabbatar da ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin masassara da ake ba ta a CSI, ta kuma karɓi allurar da aka rubuta a karne. In azumi ya zo tana jin tsoro ga abin da ke cikinta, ta sha ta rama, Risala ta faɗi haka. Kun san yadda muke tara kuɗin ragon suna tun ciki na wata biyar. Ku ware kuɗin mota kafin na rago, ku ajiye lambar direba a salular matar, ba a taku kaɗai ba. Masu tafiya ci-rani, ko Libiya ko Aljeriya ko Legas ko wuraren haƙar zinariya na arewa, kada ku fita sai kun faɗa a gaban mahaifiyarku da maƙwabcinku cewa kun ba da izini tun yanzu: in ta ga jini, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko ruwa ya fashe naƙuda ba ta zo ba, ko ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce yini guda ko dare guda, a fita da ita ba sai an kira ku ba. Wanda kuma maƙwabciyarsa ta shiga wannan hali mijinta ba ya nan, ya ɗauke ta, lalura ce, in mijin ya dawo da faɗa ya zo ya same ni.

Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah Ya so, za mu zauna a harabar masallaci tare da wata ungozoma da ta amsa gayyatarmu. Za a shimfiɗa tabarmin mata daga gefen gabas. Duk wanda ke da irin kwalbar nan a gida ya zo da ita.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.