Sabon Inji, Tsohuwar Farfela

'Yan uwa marubuta, wannan makon mu leƙa gareji. Idan aka sauya wa Land Cruiser inji, sau da yawa giyabos kan matsa gaba ko baya, sai farfelar da ke kai ƙarfi ga tayoyi ta yi tsawo ko ta gaza. Doguwa takan daki giyabos a gargada har ya tsage. Gajeriya takan zare a tsakiyar daji. A ganinmu, kintace ganganci ne. A auna mota tana tsaye kan tayoyinta, ba kan jak ba, sannan a yanka, a yi walda, a daidaita nauyi. Mu ma in mun sauya jigon labari, mu sake auna ƙarshensa.