Ciwon Sukari Da Mata Masu Juna Biyu

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata da safe ya ga taron matan da ke zuwa awon ciki a Asibitin Murtala Muhammad, ya san nauyin da ke kan ma'aikatan wurin. A cikin matan nan akwai masu ciwon sukari, wasu ma ba su sani ba. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa a cikin kowace haihuwa shida, ɗaya tana zuwa da hauhawar sukari a jinin uwa. Idan aka yi sakaci jariri yakan yi girma fiye da kima, naƙuda ta yi tsanani, har ta kai ga fiɗa.

Yanzu akwai wata 'yar na'ura da ake manna wa mace a damtse, tana auna sukari dare da rana. Irin ta FreeStyle Libre takan yi kwana 14 kafin a canja ta. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2017, kan mata 325 masu nau'in ciwon na farko, ya nuna cewa jariran waɗanda suka sa irin wannan na'ura sun fi samun lafiya, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman. Mata da yawa sun yi na'am da ita domin ta rage musu huda yatsa sau da yawa a yini, ko da yake wasu sun koka da ƙaiƙayin fata da ƙarar da ke tashinsu cikin dare. Ga kuma gumin bazara a Kano, wanda zai iya ɓamɓare abin da aka manna.

To, amma wace mace ce a Jakara ko Yakasai za ta iya sayen sabuwa duk mako biyu har ta sauka?

A ganinmu, matakin farko shi ne a tabbatar an gwada sukarin kowace mai ciki tsakanin mako na 24 da na 28, a babban asibiti da ƙananan na unguwa. Bayan haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, wadda ake cirar kuɗinta daga albashin ma'aikata, su sa na'urar cikin abin da ake biya wa masu cikin da ke allurar insulin. A kuma horar da ungozomomi su iya karanta sakamakon, su bayyana wa mace da mijinta cikin Hausa.